Kacau da Bangon Yaya

Duk wanda Kacau ya taɓa yi wa wayarin a gida ya san halinsa. Gajere ne, mai ɗan tumbi da furfura, aljihunsa kullum cike da guntayen bututun roba da guntayen waya. Kafin ya ja waya ko ɗaya a cikin bango, sai ya ciro guntun bututu irin wanda aka binne, ya zura masa guntayen wayoyin da za su bi ta ciki, ya leƙa ta wajen haske, sannan ya kai kunne ya girgiza. In ya ji kacau-kacau, to madalla. In ya ji shiru, sai ya zare ɗaya ya sake gwadawa. Daga nan ya samo sunan, har matarsa ma da shi take tsokanarsa.

Dokarsa ɗaya ce: kada wayoyi su cinye ko rabin cikin bututu. Waya tana ɗaukar zafi idan tana aiki, in ji shi, in kuwa aka cusa su suka matse, zafin ba shi da mafita, sai robar jikinsu ta yi ta dahuwa a cikin bango ba wanda ya sani. Waya mai kauri tana cin wurin sirara biyu, bututu mai lanƙwasa da yawa kuma sai a ƙara rage masa kaya. A kan wannan ya sha tattara jakarsa ya bar wa manyan mutane gininsu. A yi masa tsawa, a yi masa daɗin baki, ko gezau.

Amma fa akwai mutum ɗaya a duniya da bakin Kacau ke mutuwa a gabanta, Yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta ja kunnensa ta kai shi koyon aiki, ita ta zaɓa masa jakar kayan aikinsa ta farko. Ga shi yau da jikoki, amma in ta ce "Auta!" sai ka ga ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

To, Yaya ta tashi buɗe shagon wanki da guga a gaban gidanta. Kacau yana can wani aiki a nesa, ita kuwa ba ta iya jira ba, ai ba a haife ta da haƙuri ba. Ta sa magini ya binne bututu, ya yi filasta, aka manna farin tayil mai ɗigon shuɗi tun daga ƙasa har sama. Kai, bangon ya yi kyau! Safe da yamma tana goge shi da tsumma, maƙwabta suna shigowa kallo.

Da ya dawo ta kira shi. Ta nuna masa injin wanki, da injin busar da kaya, da duwatsun guga manya-manya, ta ce, "Auta, ga ramin nan, zura musu waya. Jibi nake buɗewa."

Ya duba bakin bututun. Siriri ne, da ƙyar ya kai kaurin babban yatsa, kuma da ya tambayi magini, ashe sau uku ya lanƙwasa kafin ya kai akwatin wuta. Kayan nan suna bukatar waya tara, yawancinsu masu kauri. Ya ciro guntunsa ya gwada a ɓoye. Huɗu, kacau-kacau. Biyar, da ƙyar. Tara kuwa ko motsi ba su yi ba.

"Me kake girgizawa a nan?" in ji Yaya. "Wannan wasan naka ka kai shi gidan baƙi. Nan gidana ne."

"Ba komai, Yaya."

Abin kunya, wallahi! Mutumin da ya gagari masu manyan gidaje, sai ga shi ya aika a sayo sabulu. Ya shafe wayoyin nan da shi don su yi santsi, ya ɗaure su, ya ja, ya yi nishi, gumi ya jiƙa masa riga. Suka shiga rabi suka cije. Da ya zaro su, sai ga robar ɗaya ta saluɓe a wurin lanƙwasa, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. Ya zauna a kan bokiti ya dubi bangon. Bayan wannan bangon ɗakin kwanan Yaya yake, gadonta ma jingine yake da shi.

"Yaya," ya ce, "ba zai yiwu ba. Sai an fasa."

"A fasa me?"

"Bangon. A sa babban bututu, ko guda biyu."

Tirƙashi! Ta wanke shi tas. Ta tuna masa goyo, ta tuna masa ƙyanda, ta tuna masa ranar da ya haɗiye maɓalli ta ruga da shi asibiti ba takalmi. Ta ce masu wayarin sun cika gari, yanzun nan za ta kira wanda zai zura mata ashirin ma in ta so.

"Za ki samu," in ji shi. "Amma in ya zo, a bakin ƙofar nan zai same ni, kuma ba zai wuce ba."

"Ni kake faɗa wa haka, Auta?"

Ya miƙa mata wayar da ta saluɓe. Idonsa ya kawo ruwa, bai ma damu ya ɓoye ba. "Wannan tun ba a kunna komai ba ke nan. Kanki yana bayan bangon nan in kin kwanta. Tayil akwai shi a kasuwa, Yaya. Ke fa, ina zan samo wata?"

Ta juya wayar a hannunta, ta taɓa jan ƙarfen da farce. Ta dubi bangonta, ta dube shi. Can sai ta ja tsaki, ta sunkuya, ta zaro guduma daga jakarsa.

"Ji shi, ƙato da furfura yana yi min kuka a shago. Ungo. Layi ɗaya za ka fasa, ka ji ko? In ka taɓa na kusa da shi, ni da kai ne."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta juya baya, ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta runtse ido. Ya ɗaga gudumar, sai kuma ya tsaya, tausayinta ya kama shi.

"To me kake jira?" ta daka masa tsawa ba tare da ta juyo ba. "Buga mana, kafin in canza shawara!"