Itatuwan Ceri na Irma

Irma matar marigayi Remi, wadda gidanta ke bayan coci a kan hanyar da ta gangara rafi, ta haura shekara sittin da biyar a duniya giya ba ta taɓa shiga bakinta ba. A garin nan kuwa wannan abu ne da za a tsaya a dubi mutum. Nan fa ake ba mai jego baƙar giya mai zaƙi wai don nono ya zo. Nan ne in an binne mutum, kafin ƙasa ta bushe a takalmi an zauna an ɗaga kofi da sunansa. Ita dai Irma kofi ɗinta da madara, shi ke nan.

Abin da ya sa ake yi mata dariya, da cerinta ake yin giyar da ta fi kowacce suna a yankin. Bayan gidanta akwai tsofaffin itatuwa da kakan Remi ya dasa, irin ƙananan ceri ɗin nan baƙi-baƙi masu tsami, waɗanda in ka jefa ɗaya a baki sai ka runtse ido. Kowane Yuli za ka ganta a kan tsani da kwando a kugu, tana faɗa da tsuntsaye. In ta cika kwanduna sai Remi ya ɗora a mota su kai wa tsohon mai dafa giya na ƙauyen gaba, shi kuma ya zuba su cikin gangunan katako, giyar ta yi ja wur, abin da muke ce wa kirik. Shekara arba'in ana haka.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Ubanta, Allah Ya gafarta masa, mutumin kirki ne daga Litinin zuwa Juma'a. Tana yarinya ita ake aikawa ta janyo shi gida daga shagon giya ran Asabar, to warin rigarsa ne ya zauna mata a hanci. Wata rana ta durƙusa gaban hoton Budurwa Maryamu ta ce ita kam ba ruwanta da abin nan. Ba rantsuwa ta yi ba, magana ce ta yarinya, amma ta riƙe.

Sai dai fa Irma akwai son sanin abu. In sun kai ceri ba ta zama a mota. Sai ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe, tana ta zuba wa tsohon tambaya. Me ya sa kake barin tagogin sama a buɗe da sanyin nan? Me ya sa ba ka share yanar gizo-gizon can? Ƙwallon cerin fa, a ciki kake barinsa? Wata rana har kunne ta kara a jikin ganga, ta ce ciki yana ta ƙus-ƙus kamar tsofaffi suna jan carbi a bencin baya. Tsohon ya miƙo mata kofi, ta ɓoye hannu a baya. Remi yakan ce, "Matata ta san komai na giya, ɗanɗanonta kaɗai ya rage mata."

To, duniya. Tsohon ya rasu, Remi ya bi shi. 'Yarsu Veerle ta ajiye aikin ofis a Brussels ta dawo, ta gyara tsohon ɗakin shanu ta jera ganguna, wai ita ma giya za ta yi, 'yar kaɗan, irin ta hannu. Irma ba ta hana ba, ba ta kuma yaba ba. Ta ci gaba da tsinko ceri tana ajiyewa a ƙofar ɗakin shanun. Sai bara tsani ya goce da ita. Allah Ya kiyaye ba ta karye ba, amma gwiwa ta ƙi komawa daidai. Da sanyi ya shigo ta aika aka kira Staf, ƙanin Remi, ta ce ya zo da injin zartonsa ya sare itatuwan kafin su yi fure.

"Duka, matar yaya?" in ji Staf.

"Duka. Ka sami na hura wuta."

"Yaya zai tashi daga kabari ya bi ni da sanda."

"In ya tashi ka ce masa ya hau tsanin da kansa."

Veerle da ta ji, ta shigo kicin ko takalmin roba ba ta cire ba. Ta ce irin cerin nan ya kusa ƙarewa a ƙasar, in an sare ba a samun wani. Ta ce ita za ta riƙa hawa. Irma ta ce ta ji, haka Remi ya yi ta faɗa shekara arba'in.

"Itacen da ba na iya hawa, 'ya'yansa ba sa ciyuwa, ruwansa ban san shi ba, ajiyar me nake yi?"

"To ki san shi mana, Mama."

Veerle ta ce ran Lahadin da ke gaban azumi ta gayyaci matan ƙungiyar coci, waɗanda in an je shagon giya kullum kofi suke cewa ko lemo, za ta ba su giya kala-kala su ɗanɗana, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ta ƙarshe ita ce kirik ɗinta ta farko, da cerin gidan nan. "Ki zo ki kurɓa sau ɗaya. In kin kurɓa kika ce a sare, ni zan riƙe wa Kawu Staf igiya."

Ran Juma'a Irma ta tare Fada, limamin cocin, bayan salla ta faɗa masa maganar da ta yi tana yarinya. Fada ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Irma, bayin Allah da suka bar duniya suka shige gidajen ibada, da me kike tsammani suke gyara rufin ɗakinsu, in ba da kuɗin giyar da suke dafawa ba? Uwar Yesu ba ta riƙe ki da wannan ba. Kofi guda dai." Ta fito tana gunaguni wai ta so a ce ya hana ta.

Ran Lahadi mata suka cika ɗakin shanu da manyan riguna, kowa da jaka a cinya kamar an zo ganin likita. Veerle ta shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, ta yanka cuku ƙanana-ƙanana da burodi, ta jera kofunan gilashi, kowace giya da irin nata. Irma ta zauna kusa da Simonne, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙa, wadda muryarta ta fi ƙararrawar coci.

Aka fara da farar giya ta alkama, mai duhu-duhu kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Veerle ta ce wannan ba ta da ɗaci, da ɓawon lemo a ciki, ita ake fara ba wanda bai saba ba. Irma ta ɗaga ta duba a haske, ta shinshina, ta ajiye. Ta sake ɗauka.

"Ke Irma, ba zoben aure ba ne, sha za ki yi," in ji Simonne.

Irma ta yi alamar gicciye ta kurɓa. Ta juya abin a baki, ta haɗiye.

"Burodi ne da bai gama yanke shawara ba."

Mata suka fashe. Aka kawo mai ruwan zinariya, Irma ta ce wannan tana cizo a ƙarshe kamar karen Staf. Aka kawo mai launin ƙasa, mai ƙamshin sukarin da ya ƙone. Wannan kam ta ture ta gefe tun daga hanci, don ita ce warin rigar ubanta. Simonne ta gane, ta ja kofin gabanta ta shanye. Amma ko a nan Irma sai da ta tambayi me ya sa ta yi duhu haka. Veerle ta ce gasa hatsin ake yi. "Kamar kofi ke nan?" "Kamar kofi, Mama." Ta jinjina kai kamar an biya ta wani abu.

Sannan Veerle ta fito da kwalba kwance a cikin ɗan kwando, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri zuwa baftisma. Ta cire toshiyar, ta zuba wa kowa. Ja ce, ja mai duhu, da kumfa ruwan hoda a sama. Ta ajiye na uwarta da hannu biyu, ta koma gefe ta harɗe hannuwa.

Irma ta buɗe jaka. Kusa da carbinta akwai wani abu naɗe a hankici. Ta warware, sai ga 'yar taɓaryar ƙarfe mai faɗin kai, tsawon cokali. Tsofaffin cikinmu duk mun san ta. Ta uwarta ce. A da in mace ta je shago ran Lahadi aka kawo mata kirik, da ƙwayar sukari biyu ake kawowa a faranti da irin wannan taɓarya, ta jefa ta dandaƙa a gindin kofi. Haka Irma ta ga uwarta na yi, haka ta san ana girmama kirik. Tun daren jiya ta goge ƙarfen har yana ƙyalli, don kada ta kunyata 'yarta a gaban mutane.

Ta jefa sukari biyu. Veerle ta ce, "Mama, kar..." Ta riga ta danna.

Kirik ɗin da, wadda ake ɗebowa daga ganga, lafiyayya ce kwance kamar ruwan rijiya. Ta kwalba kuwa da rai a cikinta. Sukari na taɓa ta sai ta taso. Kumfa ta haura bakin kofi, ta bi hannun Irma, ta malale a farin ƙyalle, ta nufi cinyar Simonne.

"Wayyo rigar Lahadi ta! Irma, giya aka ce ki sha, ba wanka ba!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi Veerle. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon jan da ke bin ƙyallen, sai ta juya ta shige can ciki wajen ganguna.

Irma ta dubi ɗan abin da ya rage a gindin kofi, ta kurɓa. Zaƙi zalla, kamar maganin tarin yara. Ta zauna da shi a baki tana nema, ba ta ji itace ba, ba ta ji Yuli ba. Ta ce a ranta, in wannan ne abin da na yi ta hawa tsani dominsa, Staf ya zo gobe. Amma bayan 'yarta da ta gani yana shigewa ya hana ta zama. Ta dafa tebur ta miƙe, ta bi ta tana jan gwiwa.

Ta same ta zaune a kan akwati tsakanin ganguna.

"Shekara biyu nake jiranta, Mama. Ko kurɓa ɗaya ba ki yi ba kika kashe ta."

"Haka kakarki take yi."

"Kaka ana ba ta wadda ta yi tsami ta wuce misali ne!"

"To wa ya gaya mini? Ni na taɓa sha?"

Veerle ta share ido da bayan hannu, ta tashi ta ɗauki ƙaramin kofi, ta zare ƙusa a jikin wata ganga ta tara. Ba kumfa, ba komai. Ta miƙa. "Ba ni ƙarfen nan tukuna."

Irma ta kurɓa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, har hawaye. Ta ce, "Yesu, Maryamu." Ta tsaya. Bayan tsamin ya wuce sai wani abu ya biyo, ɗan ɗaci-ɗaci mai ƙamshi, irin na ƙwayar da ke cikin ƙwallon ceri in an fasa da dutse. Ta san shi. Shi ne ke zama a yatsunta duk watan Yuli, ko ta wanke da sabulu. Ta sake kurɓa.

"Daɗi?" in ji Veerle.

"Ko kaɗan. Amma na gane shi. Wannan itacen bakin rijiya ne."

Veerle ta yi dariya hanci na zuba. "A'a, Mama. Duka na haɗa. Kowa haɗawa yake yi."

"Har tsohon can?"

"Har shi."

"Na bakin rijiya fa ba ɗaya yake da na jikin shinge ba. Na rijiya ya fi baƙi, shi tsuntsaye ke fara ci. Na kusa da ɗakin kaji kuma sai ya makara." Ta dubi kofin. "Wato ba wanda ya san yadda na rijiya yake shi kaɗai?"

"Ba wanda ya sani."

"Shekara arba'in ina raba su a kwando, kuna juyewa wuri ɗaya?"

Veerle ta ɗaga kafaɗa. Irma ta yi ta kallon gangunan, bakinta na motsi. Ta tambaya ko akwai ƙanana, yadda kowane itace zai sami tasa. Akwai. In an zuba a Yuli, yaushe za a sani? Sai baɗi war haka, in Allah Ya kai mu.

Da yamma Staf ya biyo don ya ji ko gobe zai zo. Ya tarar da ita a kicin tana wanke farin ƙyalle da gishiri.

"Matar yaya, an ce yau kin yi wa Simonne baftisma ta biyu."

"Bakinka ya fi zartonka kaifi. Je ka ajiye shi."

"An fasa ke nan?"

"Ban ce an fasa ba. Akwai abin da nake so in ji tukuna." Ta matse ƙyallen ta ɗaga shi a haske, jan bai fita ba. "In kana neman aiki, tsanin can ƙafarsa ɗaya ta gajarce. Yarinyar ce za ta hau bana. Ni ina ƙasa da kwanduna, kar wani ya haɗa mini su."