Turaren Amarya a Butar Hayaƙi

Hayaƙin ne ya fara jan idona, tun kafin in san akwai zuma a wurin. Ina 'yar shekara takwas, na leƙa bayan gidanmu a Unguwar Kanawa da la'asar, sai na ga wani farin abu yana fitowa daga hannun kakana, mahaifin babana, yana kwanciya a kan iska a hankali kamar mayafi. Ban ga wuta ba. Tsohon yana tsugune a gindin ɗorawa, yana matsa wata 'yar fata da yatsunsa, wani gwangwani mai dogon baki yana numfashi a tafin hannunsa.

"Ke matar," ya ce, bai ko waiwayo ba, "kallo ba ya cika tulu. Zo ki riƙe."

Haka yake kirana, matar, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa tsohon miji marar haƙori, ba na so. Ranar na karɓi gwangwanin da hannu biyu, na ji ɗuminsa kamar ɗan tsako, kuma tun daga nan zuciyata ta maƙale masa.

Mai karatu, wannan shekaru kaɗan ne kafin a samu 'yancin kai. Unguwarmu a lokacin bakin gari ce. Kana wuce gidajen ƙarshe sai gonaki da itatuwan ɗorawa, da safe kuma iska ta kawo busar sojoji daga bariki. A kan ɗorawa uku na bayan gidanmu kakana ya ɗaure amya tara, wato dogayen kwandunan ciyawa da ake shafe da kashin shanu, zuma ta shiga ta yi gida. Sauran masu zuma sai dare ya yi suke hawa da dami na ciyawa yana ci da wuta, su ƙone rabin ƙudan kafin su ɗebi saƙa. Kakana ya tsani wannan. Yana cewa wanda ya ciyar da kai ba ka saka masa da gobara. Ya taɓa yin lebura a wani lambun gwamnati, a can ya ga abin hayaƙin a hannun wani Bature, ya zo Babbar Kasuwa ya zana shi a ƙasa da tsinke, wani maƙerin gwangwani ya ƙera masa, aka ɗinka masa zugazugi da fatar akuya. A gida muna ce mata butar hayaƙi, saboda bakinta.

Butar ba ta cin komai sai abin da ya zaɓa mata. Ran Alhamis mukan taka har Unguwar Shanu da buhu, mu tsinci kashin shanu, amma ba kowanne ba. Na rani yake so, wanda rana ta gasa har ya yi fari, ya yi sakayau a hannu. Yakan karya shi kusa da kunnensa. In bai ce ƙas ba, ya yar. A ƙasan butar garwashi biyu ne daga murhun innarmu, a kansu totuwar masara don ta riƙe wutar, sannan kashin shanun a gutsuttsure, a can sama kuma ɗan ɗanyen ganye, shi ke sanyaya hayaƙin. Karan dawa ba ya shiga, yana tashi fuu ya mutu. Tsumman rini ba ya shiga. Kafin ya hau, sai ya busa hayaƙin a cikin wuyan hannuna.

"Ya ƙona ki?"

"A'a."

"To ba zai ƙona musu fiffike ba. Ki zuga kamar numfashin mai barci, matar. In kika yi gaggawa ta kama da wuta, in kika yi lalaci ta mutu. In ta mutu ina sama da amya a buɗe, kin zama bazawara."

Aikina ke nan shekara uku. Shi yana sama, ni ina ƙasa da kasko da buhu. In hayaƙin ya fara rauni ya zuro butar da igiya, in ƙara mata abinci, in zuga har ta yi fari, ya ja. Ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda nake alfahari da kitsona.

Sai gari ya fara matso mu. Wani akawun gwamnati ya sayi filin da ke jikin ɗorawar ƙarshe, ya yi gida mai rufin kwano. Ba mugu ba ne, mutum ne mai 'ya'ya ƙanana, kuma zuma ta taɓa harbin ƙaramarsu a fatar ido. Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa abokin kakana ne tun suna samari, amma ya faɗa masa a gaban mutane: in aka sake harbin wani ko dabbar wani, amya za ta bar unguwar. Kakana ya dawo bai ci tuwo ba. Amyar nan ita ce abin da ya rage masa tun da kakata ta rasu. Da ita yake hira da asuba.

A bazarar shekarar da na cika sha ɗaya aka sa ranar auren yayata. Tana son mijin, yana sonta, ni kuwa na fi su duka biyun haukan auren. Ina kwana ina saƙa yadda za a kai ta, yadda ango zai yaye mayafin, abin da zai fara faɗa. Gwaggonmu ta zo daga Zariya ta haɗa mata turaren wuta: itacen ƙamshi da aka soya da sukari da man turare kala-kala, aka cika kwalba, aka ɓoye a ƙarƙashin gadon innarmu. In aka buɗe kwalbar, sai in ji kamar ƙafafuna sun bar ƙasa. Kakana kuma ya yi alkawarin zumar babbar amyarsa, wadda ke kan ɗorawar ƙarshe, don a yi alkaki da nakiyar biki.

A nan tunanin ya shigo mini, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ya shigo. Na ce a raina, yaya za a ce zumar amarya da hayaƙin kashin shanu aka ɗebo ta? Ai kamata ya yi ƙamshi ya ratsa ta, ango ya ɗanɗana ya rasa daga ina daɗin yake. Na ɗebi cikin tafin hannu daga kwalbar, na ƙulle a bakin zanena.

Bayan la'asar rana ta yi sanyi, ya naɗe fuskarsa da rawani, ya jingina tsani, ya hau. Zubin farko na yi shi yadda ya koya mini. Ya buɗe murfin amyar, ƙudan suka yi luf, ina jin ƙararsu ƙasa-ƙasa kamar masu karatu a nesa. Ya ciro saƙa biyu ya sa a ƙwarya. Sannan ya zuro butar.

Na kwance bakin zanena na juye turaren duka a kan garwashin, ban sa kashin shanu ba, ban sa ganye ba. Na zuga. Wani hayaƙi ya fito mai shuɗi-shuɗi, ƙamshi ya cika gindin ɗorawar, na lumshe ido don daɗi. Ya ja igiyar.

Busa biyu ya yi. A ta farko tartsatsi ya fita da zafi. A ta biyu ba abin da ya fita, sai fatar tana shan iska a banza. Sukarin ya narke ya toshe hujin da iska ke bi, ya kashe garwashin. Ƙarar ƙudan ta canja, ta haura sama, ta yi kaifi. Daga baya na ji cewa ba abin da ke harzuƙa zuma kamar turare.

"Gudu!" ya yi tsawa. "Shiga ɗaki ki rufe!"

Bai ce matar ba. Na ruga, amma a bakin ƙofar baya na waiwaya. Bai sauko ba. Ya tsaya a kan tsanin, baƙin gajimaren ƙudan zuma ya rufe shi, yana lalube da hannu tsirara yana mayar da murfin amyar don kada sauran su fito. Sai da ya ɗaure shi sannan ya sauko, taki ɗaya-ɗaya, ya faɗi a na ƙarshe. Ƙudan da suka riga suka fita kuwa sun tsallaka dangar akawu. Matarsa ta kwashe yara ta kulle ɗaki, Allah ya tsare su. Amma akwai ragon da yake kiwo don layya, a ɗaure a turke, ba inda zai gudu. Kukansa na ji har aka kira magariba, daga nan ban ƙara ji ba.

Fuskar kakana ta kumbura har idanunsa suka ɓace. Innarmu ta zauna tana cire masa ƙayar harbin da farce tana kuka, babana yana ta tambaya, "Baba, me ya faru? Me ya sami butar?" Kakana ya ce a miƙo masa ita da wuƙa. A kwance, ba ya gani, ya kankare baƙin sukarin da ya daskare a ciki, ya dunƙule a hannunsa, ya ce a ba shi wuri zai zaga, ya fita da shi ba wanda ya gani sai ni. Ina raɓe a bayan rumbu ina kallo.

Kwana uku bayan haka aka taru a zauren mai unguwa. Na laɓe a jikin katanga. Akawu ya yi magana a natse, ya ce ba ragon ne ya dame shi ba, yau rago ne, gobe fa? Mai unguwa ya juya ga kakana.

"Malam, shekara nawa hayaƙinka bai taɓa mutuwa ba. Ko yarinyar ce ta yi wasa?"

"Yarinya ta yi aikinta," in ji kakana. "Ni na zaɓi kashin da bai bushe ba. Tsufa ne."

Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ke nan. Mai unguwa ya sunkuyar da kai, ya ce kafin Juma'a a sauke amya.

An sauke su da sanyin asuba, aka toshe bakunansu, aka ɗora a amalanke zuwa wani daji gaba da Kawo. Aka yi bikin yayata da zumar kasuwa. Kakana ya riƙa takawa can da sanda, amma wurin ya yi masa nisa, kafin damina ta ƙare ƙudan sun watse, gara ta ci kwandunan. Yau in na bi ta unguwar a mota ba na ma iya nuna inda ɗorawar take. Shaguna ne, da masu facin taya, da hayaƙin injin wuta da ba wanda ya zaɓi abin da yake ci.

Kakana kuwa ya koma Babbar Kasuwa, ya samu gefen rumfar wani, yana sayar da zumar da mutanen ƙauye ke kawowa a tulu. Sai da na yi aure na haihu biyu sannan na iya zuwa na durƙusa a gabansa. Idanunsa sun yi hazo a lokacin. Na ce, "Kaka, ranar nan ta ɗorawa, ni ce na..."

Ya ɗaga hannu. "Matar, turaren mai kyau ne. Har a sama na ji daɗinsa. Wurin ne ba nasa ba." Ya lakato zuma da tsinke ya sa wa ɗana a baki, ya shiga tambayata ko mijin nawa ya kai shi kyau.

A rumfar ya ƙarasa shekarunsa. Maƙwabtansa na kasuwa sun ce ya fi kowa ciniki a layin, don ba ya haɗa zuma da komai, kuma kullum suna yi masa faɗa a kan abu ɗaya. Duk mai sayen da ya tambaye shi, "Baba, daga amyarka take?" ana so ya ce e, don ta fi tafiya. Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Ta mutane ce. Ni ba ni da zuma."