Ranar da Aka Sako Ruwan Gumi

Injin shinkafar yana bayan unguwarmu a Kura, bututunsa na zuba cikin lambatun gari. Duba-gari ya gindaya wa masu injin sharaɗi: ruwan zafin da suka yi gumin shinkafa da shi sai ya kwana a rami ya huce kafin su sake shi. Da kaka aiki kan yi yawa, ramin ya cika, sai su riƙa saki yadda suka ga dama.

Ina hutun makaranta aka kira gayyar yashe lambatu. Ni aka ba baro, yayana kuma ya naɗe wando ya shiga ciki da shebur. Tururi na fara hangowa yana tahowa ta ƙarƙashin kwalbati, kafin in buɗe baki ruwan ya iso shi. Da aka jawo shi, fatar ƙwaurinsa ta saɓule ta taru a idon sawu.

Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, yana wurin. Ya ɗauki shebur ɗin ya nufi injin, mutane suka bi shi, ni ma na bi. Aka ɓalle ƙofa. Mai injin yana Kano, mutumin da ke kula da tukunyar gumi kawai aka samu. Bugun farko ya fasa masa baki, aka ja shi a ƙasa har bakin bututu.

"Wallahi cewa aka yi in buɗe, Alhaji," in ji shi, jini na bin haɓarsa.

"Ni ba Alhaji ba ne," in ji Kawu. "Kawo hannun da ka buɗe da shi."

Na riƙe rigar Kawu. "Kawu, bari duba-gari ya zo." Muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ya ture ni da gwiwar hannu na faɗi ƙasa, sannan ya danna hannun mutumin cikin ruwan har wuyan hannu, ya riƙe.

Duba-gari ya zo da la'asar ya toshe bututun da siminti, 'yan sanda suka tafi da Kawu. A asibiti gadon mutumin yana kusa da na yayana. Ni nake kai abinci, ni kuma nake ba mutumin a baki, don yatsunsa sun daina lanƙwasuwa.