Yadda Jitata Ta Koyi Numfashi

Ni ba makaɗin gado ba ne. Faci nake yi a bakin tasha a Haɗeja, da shi na ci, da shi na aurar da 'ya'ya. Jita kuwa a wurin wasu 'yan kudu na tsince ta, masu kiɗa a wani otal, tun farkon shekarun tamanin. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Kallo na yi, na dawo gida na riƙa dukan ta kamar garaya, babban yatsa yana bugun katako, sauran suna kan tsirkiya. Haka hannuna ya tashi.

Akwai wani mawaƙi da na daɗe ina bi, mutum mai murya da saurin fushi, muna ce masa Maigida. Biki da suna, daga Miga har Birniwa, ba inda ba mu taka ba. Sai wajen ƙarshen shekarun casa'in fiyano ya shigo. Akwati ɗaya, ga ganga, ga goge, ga sarewa, duk a ciki. Wata rana muna dawowa daga biki Maigida ya ce mini, "Mata sarewa suke so yanzu. Jitarka murya ɗaya gare ta, kamar agwagwa. Bikin da za a yi a garin Malam Madori bayan babbar salla ka zo, don na riga na faɗa musu da kai. Daga shi kuma zan nemi mai fiyano."

Na je na gwada fiyanon a ɓoye a shagon wani mai kaset. Yatsun da suka shekara suna ɓamɓarar taya, in na danna ɗaya sai biyu su yi kuka. Na tashi na bar masa kayansa.

Akwai wani malamin sakandare, mutumin Filato, da yake kawo mini babur ɗinsa faci. Shi ke jan mawaƙan cocinsu, kowa Ticha yake ce masa. Ya ga fuskata ya ce, "Oga, wa ya mutu?" Na ce jita. Ya yi dariya har ya dafa babur, ya ce in zo gidansa ranar Asabar da gawar.

Na je. A falonsa akwai tsohuwar kwamfuta da wansa ya ba shi, daga wani wurin ɗaukar waƙa a Jos, da wani ƙaramin akwati baƙi. Ya manna wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin tsirkiyoyin jitata, ya ja waya zuwa akwatin, daga akwatin zuwa kwamfuta. Ya ce akwatin yana sauraron abin da na kaɗa ya gaya wa kwamfuta, ita kuma akwai wani abu da aka zuba mata, wanda yanzu yara ke ce wa manhaja, da zai maimaita da muryar duk abin kiɗan da aka zaɓa. Ban gane ba. Ya ce, "Kai dai taɓa."

Na taɓa tsirkiya ɗaya, sai sarewa ta fito daga lasifika. Wallahi sai da na waiga.

Murnar ba ta daɗe ba. Da na saki hannu yadda na saba, abin da ya fito kamar an saki kaji a kasuwa. Ashe akwatin nan ba ya raba kiɗa da hayaniya. Bugun katakon da nake yi, da jan yatsa a kan tsirkiya, duk ɗauka yake ya mayar sarewa. Ga kuma wani abin haushi, manyan tsirkiyoyi in na kaɗa sai muryar ta makara, kamar mai amsa sallama daga banɗaki. Wannan makarar kam Ticha ya magance ta. Ya ce in zauna kan ƙananan tsirkiyoyi kawai, in ana son murya mai kauri shi zai sa kwamfuta ta saukar da ita. Bugun katako kuwa ba injin da zai cire mini. Ticha ya ɗaure mini babban yatsa da tsumma a jikin tafin hannu, matarsa tana leƙowa daga kicin tana cewa, "Baban yara, ka bar dattijo ya huta mana." Makonni muka yi a haka, duk yammacin da aka kawo wuta, har hannuna ya yarda ya riƙa fitar da murya ɗaya bayan ɗaya, tsab.

Muka ɗauka a kaset, na kawo gida ina taƙama. Ranar ƙanin matata ya shigo gari cin kasuwa. Su asalinsu Fulani ne, surukaina sun daɗe da zama a gari, amma shi ya ƙi rabuwa da shanu. Ni kuma kakana Babarbare ne, saboda haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya. Na kunna masa. Ya saurara yana taunar goro, ya ce, "Yaya, wannan mai busar yana raye?"

Na ce me ya gani.

Ya ce, "Tun da ya fara bai ja numfashi ba. Ko dai aljani ne, ko Babarbare. Saniyar da ta ji wannan, daji za ta nufa."

Na zage shi, ya rama, matata ta raba mu. Amma da ya tafi na sake kunnawa, sai na ji abin da ya ji. Murya ce ta sarewa, amma tafiyar ta jita ce. Ba tsayawa, ba gajiya. Kuma bikin Malam Madori na dangin matata ne, mutanen da suka tashi da sarewa a kunne.

Da Juma'a ta zagayo na rufe faci bayan masallaci, na rataya jita, na bi shi fadama. Rani ne, ruwa ya ja baya, ya bar tabkuna nan da can da ɗanyar ciyawa, masunta suna ta fama a sauran ruwan. Na same shi a gindin wata giyayya, shanunsa sun bazu. Ya ce, "A'a, bawa ya zo gaida ubangijinsa?" Na ce ya rufe mini baki ya yi busa.

Ya busa. Na zuba wa ƙirjinsa ido, ba yatsunsa ba. Zai ja dogon layi, muryar ta yi ƙasa kamar za ta mutu, ya tsaya, ya ja iska, sannan ya ɗora daga inda ban zata ba. Wurin tsayawar nan har ya fi busar daɗi. Na gwada a jita, na kasa, domin hannu ba ya gajiya, ba abin da zai gaya masa ya tsaya. Ya kalle ni ya ce, "To ka riƙa hura iska mana kana kaɗawa. In iskarka ta ƙare, ɗauke hannu. In ka ja wata, ka ci gaba. Ko ku Barebari ba ku da huhu?"

Abin kamar wasa. Na tsuke baki ina hurawa ina kaɗawa, iska ta ƙare, na danne tsirkiya. Nan take na ji layin ya zauna. Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi, shi da kara ni da jita, wani mai su ya tsaya da gorarsa yana kallonmu kamar ya ga mahaukata.

Da na koma wurin Ticha na kaɗa masa, sai ya cire tabarau ya ce, "Oga, me ka ci?" Ya ƙara wani abu a kwamfutar, yadda in na sassauta hannu muryar za ta yi laushi.

Ranar biki muka ɗora kwamfuta a bayan a-kori-kura, an naɗe ta da bargo kamar mara lafiya, Ticha na rungume da gilashinta. Maigida ya gan mu ya ce, "Kiɗa muka zo ko kallon ƙwallo?" Aka tada janareto bayan la'asar, a ƙofar gidan ango. Waƙa biyu na farko da muryar jita na yi su, mata na ta hirarsu. A ta uku na yi wa Ticha ido, ya danna.

Na tsuke baki na fara hurawa. Kumatuna suna kumbura suna sacewa kamar kifin da aka jefo kan tudu, 'yan mata suna nuna ni suna ƙyalƙyala dariya. Ban kula ba, in na kula iskar za ta ɓace. Can sai na ga hirar ta ragu. Wata tsohuwa, gwaggon ango, ta miƙe da sandarta ta zagaya bayan lasifika tana leƙe. Ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ɗan nan, ina kuka ɓoye mai busar? Ku fito da shi ya sha fura." Ƙanin matata daga cikin taro ya ɗaga murya, "Gwaggo, bawana ne, ni na koya masa!" Wuri ya kaure. Tsohuwar ta ajiye sanda ta shiga fili, sa'o'inta suka bi ta.

Maigida bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Muna naɗe waya ya zo ya tsaya yana kallon kwamfutar, ya ce wa Ticha, "Malam, abin nan yana yin goge?" Ticha ya ce yana yi, har kakaki.

Ya juyo gare ni ya ce, "To akwai suna a Birniwa wata mai kamawa. Ka je ka nemo mai goge ka zauna da shi. Kuma don Allah ka riƙa juya wa mutane baya in za ka yi wannan hure-huren."