Hannuna Yana Cikin Takardar da Ta Kori Malam Bello

Shekara tara ke nan cif da muka binne Malam Bello, malamin lissafi, a Gummi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan rubuta 'yan layuka a wannan shafi, in ce mutumin kirki ne, in roƙa masa gafara, in ajiye biro. Bana abin ya ƙi yiwuwa. 'Yarsa Luba, wadda ya bari tana da shekara takwas, yanzu tana ajina, aji biyar na sakandare, kuma ta tare ni da tambaya.

Bayan an tashi ne ta tsaya bakin ofishin malamai, ta jira kowa ya watse. "Baffa," ta ce, don haka take kirana tun tana ƙarama, "wai gaskiya ta Baba bai iya koyarwa ba? Cewa akai ɗalibainai sunka hwaɗi jarrabawa, shi as sa anka ɗauke shi." Na ce ta je gida, ma yi magana. Mako biyu na yi ina kauce wa yarinyar nan kamar wanda ya ci amanar gidansu, kuma ai na ci.

Mu biyu ne malaman lissafi a makarantar, ya girme ni a shekaru da aiki. Akwai babin da yawancin malaman lissafi, har da ni, kan tsallake, wato kwadiratik, lissafin da ake ninka abin da ba a sani ba da kansa, wanda in aka zana shi yakan hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Mukan ce lokaci ne ya ƙure. Shi kuwa sai ya yi rabin zango a kansa. Takardar giraf da ake zanen a kanta ba ta isar kowa, don haka yakan kwashi aji zuwa bayan makaranta da igiya da turaku huɗu. Ya ce su ɗauka igiyar darni ce mai taku arba'in, su kewaye masa lambun albasa mafi girma da za ta iya ci. Su ja tsawo sha biyar faɗi biyar, su auna. Su ja sha biyu da takwas, filin ya ƙaru. A goma da goma ya cika, daga nan duk yadda suka ja sai raguwa. Sai sun dawo aji da ƙasa a gwiwa yake rubuta haruffan a allo, kuma 'ya'yan manoma ba sa ƙara tambayarsa abin da ya sa zanen ke juyowa. Daga nan ya wuce da su zuwa masu lanƙwasa biyu da uku, har zuwa wanda ake raba wani lissafi da wani. Mu muna inuwa muna yi masa dariya, muna kiransa sarkin noma.

Shekarar da abin ya faru, shugaban makarantar na lokacin ya tara mu kafin jarrabawar fita. Ya ce makarantun maƙwabta duk suna taimaka wa yaransu, mu kaɗai muka rage. Taimakon shi ne malami ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta amsa a allo. Malam Bello ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ni rubutawa. Wanda duk ka son taimako shi taho ranar Assabar, ina nan." Ranar jarrabawar lissafi ya ja kujera ya zauna bakin ƙofar ɗakin, babu wanda ya iya wuce shi da alli.

Sakamako ya fito, da yawa suka faɗi. Akasarinsu daga ajin da na koyar suke, ajin da na tsallake masa babin nan. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Iyaye suka yi ca, aka rubuta takardar koke cewa Malam Bello yana ɓata lokacin yara da wasan igiya. Aka zagaya da ita ofishin malamai don a sa hannu. Sunana ne na uku, kuma babu wanda ya riƙe mini hannu. Tsoro nake kada a binciki ajina.

Aka mayar da shi wata makarantar ƙauye can bayan Adabka, inda sai babur ke shiga da damina. Bai kai ƙara ba, bai kuma daina gaishe ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A damina ta biyu zazzaɓi ya kama shi, aka ɗauko shi a babur, bai iso asibiti da rai ba. Rai na Allah ne, na sani. Hanyar kuwa mu muka ɗora shi a kanta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba a ma tara malamai a roƙe su. Amsa kan zo ta waya, malami ya kwafe ta a allo, yara su kwafe ta a takarda, kowa ya tashi da kiredit. Cikin waɗanda suka kwafa daga hannuna akwai masu koyar da lissafi yanzu, suna tsallake babin da ba a taɓa koya musu ba. Samari kuwa da yawa sun gwammace ramukan zinari na wajen Anka, kuma na kasa ganin laifinsu, tun da sun ga irin takardar da muke rabawa. A garin da muka mayar haka ake nuna 'yarsa ana cewa ubanta ne bai iya ba. Wallahi abin yana ƙona mini zuciya.

Shekaranjiya na je gidansu, na zauna a zaure, na faɗa wa Luba duk abin da ke sama, innarta tana ji daga bayan ƙofa. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "To Baffa, baɗi in munka zo jarrabawa, kai za ka rubuta muna?" Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ku rubuta abinku, ni ba ni ɗaga kai. Amma babin ga da kat tsallake muna, ka koma ka koya min shi."

Abin da ya rage na Malam Bello ke nan. Babu aji mai sunansa, littattafansa gara ta cinye. Sai yarinya ɗaya da za ta sunkuyar da kai a ɗakin da kowa ke kallon allo, wadda kuma tana iya faɗuwa saboda ni, gari ya ce ta gaji ubanta. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana. Na yi mata alkawarin babin, mun fara jiya Asabar. Zancen allo kuwa ban ce mata zan daina ba, don ba na son in yi wa gidan Malam Bello ƙarya sau biyu.