Mariƙin Bindigar Maigida

Wata huɗu maigidana ya yi yana min wa'azi a kan mariƙin bindiga, alhali ko bindigar roba babu a gidanmu na unguwar Morris Heights a New York. Direban tasi ne, a filin jirgin JFK yake jiran fasinja. Wata ranar Talata da rana tsaka wani fasinja ya ɗora masa bindiga a ƙeya ya karɓe wayarsa. Ya dawo gida ya faɗa min a taƙaice, na ce Allah ya tsare gaba, na zuba masa abinci. Bayan kwana uku ya ce zai nemi lasisin mallakar ƙaramar bindiga.

Na ce ba a gidan da 'ya'yana mata biyu suke tone kowace durowa ba. Ni a asibiti nake aiki, na ga abin da harsashi ke yi wa cikin mutum, ba labari aka ba ni ba.

Shi kuwa ya sami majalisa. Direbobin da ke zaman jira a filin jirgi, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Zangon Kumasi, duk suka zama malaman yaƙi. Wani ya ce mariƙi mai kaushi shi ne magana, don gumi ba ya zame shi. Wani ya ce mai kaushi yana kama riga lokacin zarowa, a nemi mai santsi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa harbin ko ƙadangare, sai cika baki da kofin shayi a hannu. Kullum da sabuwar fatawa yake dawo min.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne muciyata. Na shiga kicin zan tuƙa tuwo na tarar ya naɗe ta da robar tayar keke, yadda mahauta ke naɗe ƙotar wuƙa a can ƙasarmu. Wai yana gwada riƙo.

Na ce, "Malam, ka riga malam masallaci. Bindigar ba ta zo ba, tuwon ma ka hana."

Ya ce, "Hajiya, ba ki gane ba. Komai a girif yake, wato riƙo. In hannu ya zame, shi ke nan."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na kira yayata da ke unguwar Tompkinsville na ba ta labari, ita ma ta taya ni.

Da ya ga na kafe, sai ya ce in raka shi wani wurin koyon harbi a jihar Pennsylvania, inda ake ba da aron bindiga, in gani da idona. Na bi shi ne kawai don in sami abin tsiya. Sanyi ake yi, kuma kamar kullum ya mulke hannuwansa da man kaɗe kafin mu fita, mutumin da ya shafe wata huɗu yana tsoron santsi. Na bar shi.

Mai koyarwar, wata dattijuwar Baturiya, ta sa ya wanke hannu da sabulu, sannan ta miƙa masa bindiga. Ya ɗaga, bakin bindigar yana rawa. Ya ce mariƙin ne ya yi santsi. Ta kawo mai kaushi, irin wanda majalisa ta yi ittifaƙi a kansa. Rawar ta ƙaru. Wani a gefenmu ya yi harbi, ƙarar ta daki bango, sai na ga maigidana ya ajiye bindigar a hankali ya fita, bai harba ko ɗaya ba.

Na same shi a mota, makulli a hannunsa, ya kasa sa shi a raminsa ya tayar da motar. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana tuƙi a New York. Na riga na shirya maganar da zan yaɓa masa, tana kan harshena. Na karɓi makullin na ce ya koma ɗaya gefen.

Da muka yi nisa a kan hanya sai ya fara magana.

"Ran nan, bayan mutumin ya fita ya tafi, na fi rabin awa a zaune. Hannuna ya mutu, ko ƙofa na kasa buɗewa. Wallahi ko da bindiga goma a jikina, da ban iya ɗaga ɗaya ba."

Kunya ta rufe ni. A asibiti ina zama da baƙon da ban sani ba in tambaye shi yadda ya kwana, amma mijina wata huɗu ina yi masa dariya, ban taɓa cewa ya ba ni labarin ranar ba.

Ya ce, "Na bar maganar lasisin. Amma don Allah kar 'yan majalisa su ji."

Na ce, "Ba za su ji ba. Fara min daga inda ka ɗauki fasinjan."