Baba Yana Majalisa

A unguwar New Bell, shekarun da ake kulle gari don bore, ko mai gasa kifi ba ta fitowa. Bayan magariba sai mu zagaye kurfotin gawayin Iya, kakarmu, warin ƙonanniyar taya yana shigowa ta ƙarƙashin kwano.

Babanmu tela ne a kasuwar Marché Congo. Majalisarsa kuwa benci biyu ne a ƙofar mai shayi, inda ake gardamar ƙwallo. Amma a rediyo, kalmar nan ta manyan Yaoundé ce masu yin doka, waɗanda samarin gari ke nema ruwa a jallo. Wata rana wani ya zo karɓar ɗinki, Iya ta ce masa, "Yana majalisa." Mutumin Hausarsa ta kasuwa ce, ya fita ya juya ta da Faransanci: Asambale. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa tela Garba depite ne a ɓoye, wato ɗan majalisar dokoki.

Ran nan aka yi isha'i Baba bai dawo ba. Iya ta hura garwashi ta ce, "Ku matso, ga ta nan." Muka amsa ciki-ciki, don tsoro muke ji.

Wai wani bunsuru ne ruwa ya kama shi, ya fake a gindin tsamiyar da kuraye ke majalisa su yanke garken wa za a ci. Kurayen sun tashi tuni. Makiyaya suka iso da sanduna, idonsu ya rufe. Bunsuru ya ce, "Ni fakewa nake." Suka ce, "A ina muka same ka?"

"Sai me, Iya?"

"Sai sanda, 'yan nan. Mai fushi ba ya tambayar wace majalisa."

Ba ta kai ƙarshe ba aka turo ƙofa. Baba ne, ba hula, rigarsa sharkaf da fetur. An zuba masa, saura ashana. Mai shayi ne ya cece shi, ya ɗauko benci a ka yana ihu da Faransanci, "Ga Asambalen tasa nan!"

Iya ta tuɓe masa rigar da hannunta.

Yau furfura ta kama ni, amma in rediyo ya ce Majalisar Dokoki ta zauna, hancina yakan riga kunnena ji: warin fetur. Da na girma na gane ba bunsuru Iya ke ba mu labari ba, ɗanta take bankwana da shi a gabanmu. Har ta koma ga Allah, duk wanda ya tambayi Baba, sai ta ce, "Yana wajen mai shayi."